Takalmi Lamba Talatin

Ni tun farko na faɗa wa magatakardan kotunmu cewa ba rigima nake nema ba, kuɗin makarantar 'yata nake nema. Ya ce ya sani. Ya ce takardar hukuncin da ke hannuna tana da ƙarfi ƙwarai, sai dai ƙarfinta a bakin gadar da ta raba jiharmu da ta maƙwabta yake ƙarewa. Da zarar mota ta hau gadar nan, sai dai in yi fifita da ita. In ina son haƙƙina, in je can da ƙafata, ofishinsu ya duba.

Shekara shida ke nan da rabuwata da uban yarinyar. Mai ɗinkin takalma ne, kowa Shumeka yake ce masa, har ni da na aure shi. Alƙali ya yanka masa abin da zai riƙa bayarwa duk wata na ci da karatu. Ya biya wata biyu. A na uku ya ɗaure keken ɗinkinsa a saman mota ya ƙaura waccan jihar, tun daga ranar ko sisi ban ƙara gani ba.

Amma kar in ɗauki alhakinsa, yana aike. Duk bayan wata uku wani direba zai tsaya a ƙofar ɗakin wankin asibitin da nake aiki, ya miƙo mini kwali, ya nuna mini inda zan sa hannu. Takalmi ne. Fata mai kyau, ɗinki lafiyayye, wani da igiya wani da maɓalli, wani ja wani baƙi. Kuma kowanne lamba talatin, lambar da yarinyar take sawa ranar da ya tafi.

Mitsila muke ce mata, don da aka haife ta a tafin hannu ɗaya ubanta ya ɗauke ta. Yanzu shekararta goma sha biyu, ta kere ni tsawo, lamba arba'in take sawa. Na aika masa ta bakin direba ya fi sau goma cewa ƙafa ta girma, kuɗi ake so. Direba ya ce yana faɗa masa, sai ya yi murmushi ya ce mata akwai ƙarin gishiri. Waya kuwa ba ya riƙewa, wai tana raba masa hankali da allura. Magatakarda ya ce kar in sayar, kar in kyautar, hujja ce. Haka na riƙa tura su ƙarƙashin gado har suka kai ƙafa ashirin da huɗu, bokitin wankana ma ya rasa wurin zama.

Da na haƙura, wallahi, don na saba. Sai Mitsila ta ci jarrabawar shiga makarantar kimiyya ta 'yan mata. Cikin yara ɗari huɗu aka ɗauki sittin, sunanta na bakwai. Takarda ta ce a biya kuɗin rajista kafin ƙarfe sha biyun ranar Litinin, wanda bai biya ba a ba na layin jira gurbinsa. Dubu casa'in. Ni ashirin gare ni, su ma sai da na ci bashin rabin albashi.

Ranar Alhamis na roƙi abokiyar aikina ta riƙe mini injin wanki, na zuba takalman a buhu, Mitsila ta ɗora a ka, muka hau motar farko. Awa huɗu muna tafiya, buhun a kan cinyata, wani maɓalli yana sokina a ciki.

Ofishin karɓar haƙƙin yara a hawa na biyu yake. Benci biyu, fanka ɗaya mai kuka, wata mai buga takarda a lungu, da wani tsohon masinja yana gyangyaɗi a bakin ƙofa. A tsakiya akwai babban tebur, bayansa wani mutum mai gajeren wuya da hatimai uku ɗaure da zare a jikin bel ɗinsa. Na zauna, na ɗaga kai don in huta, sai muka yi ido huɗu da Shumeka. Yana jikin bango, cikin firam mai ruwan zinariya, ya sha sabuwar riga. A ƙarƙashi an rubuta: Uba Abin Koyi.

Na ce, "Yallaɓai, wancan da kuka rataye, me ya yi?"

Mai hatimi ya waiwaya, fuskarsa ta washe. "Wannan ai shi ne abin alfaharinmu, Malama. Shekara shida bai taɓa fashin biya ba. In uba ya zo yana mana taurin kai, nan muke tsayar da shi ya kalle shi na minti goma."

"To ƙararsa na kawo."

Mai buga takarda ta tsaya cak. Masinja ya farka.

Mai hatimi ya karɓi takardar kotunmu da yatsa biyu, ya karanta, ya ce takarda ce mai kyau, Allah Ya sa ta yi amfani a inda aka rubuta ta. Sannan ya jawo wani fayil mai kauri ya yi mini bayani a hankali, yadda ake yi wa mara lafiya. A jiharsu doka ta yarda mai sana'a ya biya haƙƙin ɗansa da sana'arsa, a kan farashin da yake sayarwa. Mahauci da nama, magini da bulo.

"Ke ma kin yi sa'a," in ji shi. "Akwai wadda tsohon mijinta kafinta ne. Ƙofofinta goma sha tara yanzu, kuma ɗaki ɗaya take haya. Ba ta taɓa zuwa ta ɗaga mana murya ba."

Ya baje rasiɗai ashirin da huɗu a gabana. Kowanne da sa hannuna, wanda na yi wa direba a tsaye, hannuna duk kumfa. Ya danna na'urar lissafi, ya sake dannawa, ya cire tabarau.

"In aka bi ƙa'ida ma, ke ake bi. Ya wuce abin da aka yanka masa da wari ɗaya da rabi. Amma na san halinsa, ba zai nema ba."

Ni mace ce mai haƙuri, kowa a ɗakin wanki zai shaida, ban da mutum biyu. Amma a nan na ji kaina ya ɗau zafi. Na ce wa Mitsila ta juye masa. Ta kwance bakin buhu ta zazzage, takalma suka rufe fayil, suka rufe na'urar lissafi, wani ja ya gangara ya faɗa kofin shayinsa. Na kamo ƙafar yarinyar na ɗora a gefen tebur.

"Ga takalmi, ga ƙafa. Yallaɓai, kai ma kana da ido."

Ya dubi takalma, ya dubi ƙafa. Ya ce a matsayinsa na mutum ya ga bambanci, amma fom ɗinsu ba shi da gurbin lamba. Akwai gurbin iri, akwai na adadi, akwai na farashi.

Kafin in ba shi amsar da ta zo mini baki, mai buga takarda ta taso ta tsamo jan takalmin daga shayi, tana goge shi da gefen mayafinta. "Ashe yana ɗinka na yara? Shekara uku ina roƙonsa ya yi wa ɗana, ya ce na yara mutum ɗaya yake yi wa a duniya." Sai a lokacin na lura da ƙafafunsu. Ita, da masinja, da shi kansa mai hatimi, duk ɗinkin Shumeka ne a ƙafarsu. Na san hannunsa ko a duhu.

Mai hatimi ya yi ta buɗe wani littafi har ya samo sashen da ya ce ana iya soke kaya in an tabbatar ba su da amfani ga yaro. Sai dai tabbatarwa ba da baki ake yi ba. Sai an gwada kowane takalmi a ƙafar yaron, dama da hagu, a gaban ƙwararren da ofis ya yi wa rajista.

Na ce a kira ƙwararren.

Ya ce ƙwararren takalmi ɗaya ne mai rajista a duk garin, ya nuna bango da haɓa.

Shagonsa a bayan ofishin yake, ko minti biyar masinja bai yi ba suka shigo tare. Ya rame, furfura ta fito masa a gefen kunne, tef ɗin awo a wuya, fensir a bayan kunne, kansa a ƙasa. Haka yake tun asali. Shekara takwas na zauna da shi, ban jin zai iya faɗin launin idona, amma ya san ranar da farcen babban yatsana ya fashe. Ya tsaya a gabana yana kallon ƙasa.

"Maman Mitsila. Har yanzu kina taka gefen hagu."

"Ba gaisuwa ce ta kawo ni ba."

"A ina kika baro ta? Wa zai ba ta abinci?"

Mitsila kuwa tana nan zaune a benci, taku uku daga inda yake, ta haɗa hannuwa a cinya. Na buɗe baki, mai hatimi ya ɗaga hannu ya ce kar mai ƙara ta yi wa ƙwararre magana, za ta ɓata shaida. Ya nuna masa bencin ya ce ga ƙafar da za a gwada.

Shumeka ya durƙusa yadda yake yi wa kowane mai saye. Ya ce, "Sannu 'yan mata, kawo ta dama." Ya zare mata silifas, ya ɗora dunduniyar a tafin hannunsa. Sai ya tsaya. Ƙaramin yatsanta a kan na kusa da shi yake hawa, irin na uwarsa, kuma a gefen dunduniyar akwai tabon kwalbar da ta taka tana shekara huɗu, shi da kansa ya ɗaure mata da tsumman goge fata. Ya shafa tabon da babban yatsa. Ya fara ɗaga kai, ya yi ta ɗagawa, don hanyar da nisa kafin a kai fuskar.

"Mitsila?"

"Na'am, Baba. Ina wuni."

"A ci gaba," in ji mai hatimi. "Gwaji na ɗaya, dama."

Yatsu uku ne suka shiga. Shumeka ya ce bai shiga ba, mai buga takarda ta buga, hatimi ya sauka. Gwaji na ɗaya, hagu. Bai shiga ba. Da aka kai na tara mai hatimi ya ce yana ganin ƙwararre ba ya turawa da gaske, masinja ya ba da shawarar a sa leda, aka samo leda aka sa, yatsu uku dai. Wani daga ofishin haraji na ƙasa da ya leƙo ya ce a garinsu da sabulu ake yi. Da farko Mitsila dariya take, tana rufe baki da hannu. Wajen na goma sha biyar ta daina. Shi kuma kowane takalmi ya ɗauka sai ya juya shi ya kalli ƙasansa, kamar yana tuna watan da ya ɗinka shi, sannan ya kai shi bakin yatsun ya ce bai shiga ba. Muryar tana raguwa har sai da mai buga takarda ta ce ya ɗaga, ba ta ji.

Shekara shida ina fatan ranar da zan ga Shumeka a durƙushe yana jin kunya. Ga ta na gani, sau arba'in da takwas, kuma ba ta yi mini daɗin da na zata ba. Haushi ma na ji, don ko wannan sai da ya rage mini.

Da aka gama, mai hatimi ya ce saura tambaya ɗaya. An tabbatar yau ba sa shiga, amma yaushe suka daina? Wataƙila jiya ƙafar ta yi tsalle. Ina da shaida?

"Na farko ne kawai zai shige ta," in ji Shumeka, bai tashi daga ƙasa ba. "Shi ma da ƙyar. Ƙafar yaro ba ta jira. Na sani, aikina ne. Kowa na faɗa wa."

Mai hatimi ya kalli hoton bango, ya yi ajiyar zuciya, ya ce to rasiɗi ashirin da uku sun faɗi. Wallahi a lokacin ji na yi kamar an sauke mini buhun siminti daga ka. Ashe ba hauka nake ba. Ga shi a bakin hukuma.

Ya jawo fom biyu, ja da kore, ya ajiye a gabana.

"In kika sa hannu a ja, bashi ya tabbata, duka. Mu sauke hoto. Takalma su zama kayan shaida, mu kulle su a sito, keken ɗinkinsa ma mu sa masa kwaɗo har a yi masa kuɗi. Abin da aka samu ya shiga baitulmalinmu, mu rubuta wa naku, naku su rubuto mana cewa sun ga wasiƙarmu. Kwana casa'in, in ba a yi hutu ba."

"Litinin fa?"

"Wace Litinin?"

Na faɗa masa. Ya ce Allah sarki, ya taya ni murna, ya ce kwana casa'in.

Na juya wajen Shumeka na ce me ke aljihunsa. Ya zazzage a kan benci: zare, guntun kaki, allura biyu, da canjin da ko kuɗin motarmu bai kai ba. Ya ce shekaranjiya ya sayo fata. Na san gaskiya ya faɗa, don duk zamanmu shekaranjiya yake sayo fata.

"Koren fa?"

"Kore shi ne kin karɓa kin gamsu. Mu rufe shekara shidan nan, ba ke ba sake tayar da ita a ko'ina. Ki kwashi kayanki ki yi yadda kika ga dama da su. Amma tunda sun shiga littafi, ba sa fita ƙofar nan sai da ɗaya daga cikin biyun."

Mai buga takarda ta matso kusa da kunnena. Jan takalmin ya sake komawa hannunta. Ta ce in koren na zaɓa, ita za ta ba da dubu uku a kan wannan, jiya aka yi albashi. Mutumin haraji ya ce yana da tagwaye. Masinja ya ce jikarsa.

Ban iya lissafi sosai ba, amma wannan ko a barci zan yi shi. Ashirin da huɗu sau uku.

Na zauna ina kallon takardun nan biyu. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Shekara shida ina wanke zanin gadon marasa lafiya, ina dare ina rana, ina ƙin sayen man shafawa don in sayi littafi. Yau ɗaya hukuma ta ce ni ce mai gaskiya, kuma ko minti goma ba a yi ba ana so in mayar. Na ɗauki biro na kai kan ja. Ina so in ga an sauke hoton nan, ina so in ga ƙusar da za ta rage a bango.

Mitsila ta gama sa silifas ɗinta. Ta ce a hankali, "Umma, ki sa a jan in kina so. Sai in sake rubutawa baɗi."

Makarantar ba ta ɗaukar wadda ta wuce sha biyu. Ita ta karanta mini wannan layin da bakinta, sau biyu, ranar da takardar ta zo.

Na jawo koren.

Sa hannu kawai bai isa ba, wai sai na rubuta da hannuna. Na rubuta: na karɓa, na gamsu. Mai hatimi ya ce doka ta ce a karanta a bayyane gaban shaidu. Na karanta. Ya ce bai ji na biyun ba. Na sake faɗa, da ƙarfin da sai da na ofishin haraji suka ji daga ƙasa. Ya buga hatimai ukun duka, ɗaya bayan ɗaya.

Kafin tawada ta bushe ofis ya zama kasuwa. Labari ya sauka har hawa na ƙasa, mata biyu daga wajen rajistar filaye suka kusa dambe a kan wani mai maɓalli. Masu yara suna auna takalmi da ɗani, wani ya kira matarsa a waya ya ce ta auna ƙafar yaro da tsinken tsintsiya. Shumeka yana gefe, ya kasa yin shiru, yana cewa wancan a shafa masa mai kafin a sa, wannan kar a bar shi a rana. Mitsila ce ke karɓar kuɗi, don ta fi ni kai. Da tebur ya koma fayil da kofin shayi, ta ƙirga sau biyu ta ce saba'in da biyu. Da ashirin ɗina, rajista ta fita har da kuɗin mota. Na ƙulle su a bakin zani na yi ƙulli uku.

Masinja ya hau kujera yana goge gilashin hoton da hannun riga. Mai hatimi ya ce baɗi za su ƙara wa hoton girma, tunda yanzu har da shaidar uwa a rubuce. Na ja hannun Mitsila, don in na buɗe baki a nan zan kwana.

Mun kai bakin ƙofa sai Shumeka ya ce, "Maman Mitsila, minti ɗaya." Ba ni yake kallo ba. Ya yago murfin wani kwalin takardu, ya shimfiɗa a ƙasa, ya zaro fensir daga bayan kunne. Yarinyar ta dube ni. Na kawar da kai wajen taga.

Ta cire silifas ta taka. Ya zagaya ƙafar da fensir a hankali, ya bi ta kan ƙaramin yatsan, ya sauko dunduniya. Ya yi ta hagu. Ya ɗaga kwalin yana kallo kamar takardar da aka rubuto da wani harshe.

"Baba," in ji ta, "ka rubuta kwanan wata a jiki."

Ya riƙe fensir a saman kwalin. Sannan ya tambaya, ba tare da ya ɗaga kai ba, yau nawa ga wata.

Mai hatimi ya ce a miƙo, ya juya lambobin hatiminsa, ya hura masa iska ya buga a tsakiyar ƙafar dama. Na ce wa Mitsila ta sa silifas ɗinta, motar ƙarfe huɗu ba ta jiran kowa.